Usur Ɗin Malam Bawa

Kun girma kuna jin ana kirana Hizgau a garin Gummi, kuma babu wanda ya taɓa tambayata dalili a cikinku. Na san ba rashin son sani ba ne, kunya ce, kuma na gode. Asma'u ce kaɗai ta taɓa dawowa daga islamiyya tana kuka don an ce mata 'yar Hizgau, uwarku ta rarrashe ta, ni kuwa na ɗauki buta na fita kamar ban ji ba. Yanzu na tsufa, wanda na yi wa rantsuwa ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka zan rubuta muku abin da ya faru a shekarar da Malam Bawa ya yi ritaya. Ba wanke kaina zan yi ba. Ina so ne in kun ji sunan nan bayan raina ku san daga inda ya fito.

Malam Bawa shi ne shugaban wasanni a kwalejin nan ta bakin gari, wadda filinta ya gangara wajen fadama, kuma ya fi shekara talatin a kan aikin. Ni daga Bukkuyum aka turo ni in zama mataimakinsa, na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar masa raga da ƙwallaye. Gajere ne mai tumbi, in ka gan shi a kasuwa sai ka ce dillalin shinkafa ne, amma in ya tsaya a tsakiyar fili ya busa usur, har awakin da ke kiwo a gefe sai sun ɗaga kai. Usur ɗin na ƙarfe ne, tsoho, da igiyar jar fata da wani baduku ya kitsa masa. Ba ya cire shi ko ranar Juma'a, sai dai ya tura shi cikin riga. A takarda ƙungiyar ƙwallon ta kwaleji ce, amma kowa ya san ta gari ce. In muna da wasa da Anka ko Bukkuyum, 'yan kabu-kabu kan jingine babura, manoman shinkafa su hauro daga fadama da laka a ƙafa, masunta su bar komarsu a bakin gulbi. Shugabansu, wanda ba wanda ya naɗa shi, shi ne Ɗan'ige mai kifi. Bai taɓa zama a aji ba, bai taɓa buga ƙwallo ba, amma a ganinsa duk duniya babu wanda ya kai shi sanin wasa. Duk shekara in ruwa ya ɗauke, filin kan zama daji, ciyawa har ƙugu, kuma kwaleji ba ta taɓa sa lebura ya share shi ba. Ɗan'ige ne ke kiran gayya, mutanen gari su zo da lauje da magirbi su kwantar da ciyawar kafin azahar, sannan ya kawo tokar bandar kifinsa buhu-buhu a zana layi da ita. Kada ku ɗauka wai suna raga wa Malam Bawa. Kowane wasa sai sun yi masa tsiya.

"Malam, wanga yaro da kas sa baya ko tunkiya bai iya tarewa!" in ji Ɗan'ige daga bakin layi.

"Ɗan'ige, koma ka juya kihinka kada shi ƙone," in ji Malam Bawa, ko waiwayowa ba ya yi.

Haka suke tun kafin in zo garin, kuma na daɗe kafin in gane cewa wannan tsiyar ita ce gaisuwarsu.

Wata rana da hantsi, cikin damina, muna sito mu biyu muna ba ƙwallaye iska. Na ga Malam Bawa yana ta ƙoƙarin sa allurar famfo a bakin ƙwallo, tana gocewa. Ya gwada sau uku, ya ajiye. Sai ya ce in rufe ƙofa. Ya miƙe hannunsa na dama a gabana, na ga yana rawa kamar ganye a iska, shi kuwa yana kallonsa kamar ba nasa ba.

"Ka gani, Lawali? Shekara biyu ke nan ina ɓoyo nai cikin aljihu. Likita ya ce ba ya warkewa, sai dai shi ƙaru. Za ni aje aiki tun mutanen ga ba su hwara jin tausaina ba. Na hi son su zage ni da su ce mani sannu. Ka rantse mani ba ka hwaɗa ma kowa ina raye, ko matakka, ko Innakka."

Na rantse masa. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin ina son mutumin nan. Amma tunda na ce gaskiya zan rubuta muku, to, ina fitowa daga siton nan wani sashe na zuciyata ya fara lissafin wa za a ba kujerar.

Da labarin ritayar ya fita, gari ya ɗauki zafi. Mutanen da jiya suke cewa Malam Bawa ya tsufa, dabarunsa na zamanin da ne, ba ya sanin komai sai tsaron gida, su ne yau suke cewa in ya tafi ƙwallo ta mutu a Gummi. A teburin mai shayi na tasha an kwana biyu ba a yi wata hira ba. Wasu suka ce shugaban kwaleji ne ya matsa masa, wasu suka ce daga sama aka turo takarda. Har ayari aka yi, Ɗan'ige a gaba, suka je gidansa roƙon ya ƙara ko shekara ɗaya. Ya tarbe su a zaure, hannunsa a aljihu, ya ce ya gaji ne kawai. Da suka ga ba zai janye ba, sai gardama ta koma kan magaji. Yawancinsu Nura suke so, tsohon kyaftin ɗinmu, ɗan gari, wanda ya taɓa cin Anka ƙwallo uku a wasa ɗaya, aka yi mako ana yi masa kirari. Amma Nura ba shi da takardar da ake nema, kuma sunana ne ya fito. Na ji abin da aka faɗa a kaina, don a Gummi magana ba ta kwana ba ta iso maka ba: wai ɗan Bukkuyum ne, ranar da za mu kara da garinsu wa zai goya wa baya, wai fuskarsa kullum a ɗaure kamar mai jiran sakamakon asibiti, wai shekara goma sha ɗaya ba a taɓa jin muryarsa ba. Duk da haka ba ƙiyayya ba ce a lokacin. Ɗan'ige da kansa ya same ni a bakin fili, yana warin hayaƙi, ya dafa kafaɗata.

"Malam Lawali, ba kai munka so ba, ba ni yi maka ƙarya. Amma tunda Malam ya yarda da kai, mu ma mun yarda. Abu guda: ranar miƙa usur, a yi abin da anka saba."

Na ce to. Na san abin da yake nufi, domin a Bukkuyum ma haka muke yi. In babba zai sauka ya miƙa wa na baya kayan aikinsa a gaban jama'a, ko sarkin noma ne da garmarsa ko maƙeri da gudumarsa, ƙarami ba ya karɓa da fari. Yakan rusuna, ya sa hannu biyu ya rufe hannun babban, ya mayar masa da shi ƙirjinsa, ya ce kana raye ba ni riƙewa. A sake miƙowa, ya sake mayarwa. Sai a na uku, in dattawa sun sa baki, sannan ya karɓa kansa a ƙasa. Yaro ƙarami ma ya san wannan. Na gani sau da yawa tun ina bin mahaifina gona.

Aka sa ranar bayan la'asar, ana gab da hutun ƙarshen zango. Ban taɓa ganin taro irin na ranar a filin nan ba. An kafa rumfa, an kawo lasifika, tsofaffin 'yan wasa sun zo daga nesa, wasu da furfura. Inna, kakarku, wadda take zaune tare da mu a lokacin, ta sa aka kai ta ta zauna cikin mata don ta ga ɗanta ya zama babba. Aka yi jawabai masu tsawo, rana tana dukan mutane. Sannan aka kira mu tsakiyar fili, ni da shi. Malam Bawa ya sa hannun hagu ya zare igiyar daga wuyansa, amma ba a miƙa abu da hagu, dole ya fito da na dama daga aljihu. Ya ɗora usur ɗin a tafinsa ya miƙo. Ina kusa da shi, na ga hannun ya fara rawa, na ga igiyar tana kaɗawa, na ga usur ɗin yana zamewa zuwa bakin yatsunsa. Na dubi fuskarsa na ga tsoro, abin da ban taɓa gani a wurinsa ba. A raina na ce in ya faɗi ƙasa a gaban mutanen nan, duk ɓoyon da ya yi na shekara biyu ya tashi a banza. Ban rusuna ba, ban ce komai ba. Hannuna ya kai, na cafke usur ɗin, igiyar ta sarƙe a ɗan yatsansa, na ja ta fita. Mai lasifika ya riga ya buɗe baki zai fara kirari, ya yi shiru. Filin duka ya yi tsit, har ina jin kukan tsuntsaye daga fadama. Malam Bawa ya mayar da hannunsa aljihu, ya juya ya koma rumfa. Sai wata murya daga cikin 'yan kabu-kabu ta ce, ba da ƙarfi ba ma:

"La ilaha illallahu. Hizge shi yay yi."

Kafin magariba wani ya riga ya tura hoton bidiyon daga waya zuwa waya. Na gan shi daga baya, kuma wallahi da ni ma a bakin layi nake, abin da zan ce ke nan. Ba a ganin rawar hannu a ciki. Ana ganin tsoho ya miƙo, ana ganin ƙato ya wafce. Daga nan kowa ya samu amsar tambayar da ta dame shi: ashe ba gajiya ba ce, ashe mataimakinsa ne ya yi ta kai suka ofis har aka ture shi. Kafin mako ya zagayo na zama Hizgau.

A gida ma ban samu sauƙi ba. Uwarku Luba ta ajiye mini tuwo ba ta ce uffan ba, kuma kun san ta, shirunta ya fi faɗanta ciwo. Inna ce ta kira ni ɗakinta, tana zaune a kan tabarma da carbi.

"Lawali, ni nih haihe ka. Ubanka bai taɓa amsar ko lauje hannun babba ba sai an matsa mai. Mi yas same ka? Yunwar girma ta kai ka haka?"

"Inna, akwai dalili."

"To, hwaɗa mani shi."

Na sunkuyar da kai. Ta jira, ta jira. Da ta ga ba zan ce komai ba, sai ta ce in tashi in ba ta wuri. Bayan sallar layya ta ce a mayar da ita Bukkuyum wurin ƙanena, wai ta gaji da shiga gidan biki mata suna yin shiru. A can ta rasu bayan shekara biyu. Na je jinyarta, ta yafe mini, amma yafewar wanda ya yi laifi ta yi mini, ba ta taɓa sanin dalilin ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk labarin nan, har yau.

Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta kai ƙugu, ba a kira gayya ba. Na je rumfar Ɗan'ige a kasuwa na yi sallama, ya amsa yana juya kifi, bai ɗago ba. Na ce lokacin sharar fili ya yi. Ya ce laujensa ya dakushe. Ni da ɗalibai muka yi kwana tara muna abin da gari ke gamawa kafin azahar, hannuwanmu duk suka yi kanta, muka zana layi da tokar kicin ɗin makaranta wadda iska ɗaya ta kwashe. Wasanmu na farko da Anka ne, abokan hamayyarmu tun kafin a haifi 'yan wasan. Na yi zaton mutane ba za su zo ba, kuma da hakan ya fi mini. Sun zo, cike da fili, suka zagaya suka tsaya a ɓangaren baƙi. Duk lokacin da ɗan Anka ya taɓa ƙwallo sai su yi sowa. Yaranmu, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka, suka riƙa waiwayen iyayensu da yayyensu suna tafa wa wasu. Aka ci mu huɗu. Golanmu ya zauna a gindin raga yana kuka. Daga wannan shekara ƙungiyar ta fara lalacewa. Masu ƙafa suka koma wajen Nura, wanda ya buɗe tasa a filin bayan tasha. Yau in kun tambaya za a ce muku rashin tsaron hanya ne ya kashe wasannin Gummi da Anka da Bukkuyum, kuma gaskiya ne ya zo ya ƙarasa. Amma tamu ta riga ta kwanta kafin hanya ta lalace.

Sau ɗaya na je wurin Malam Bawa na roƙe shi ya kwance mini rantsuwar. Na same shi a zaure, ya daina fita sai masallaci, ya lulluɓe hannuwansa da mayafi ko da zafi ake. Na gaya masa halin da nake ciki, da na yaran, da na Inna. Ya saurara, idonsa ya kawo ruwa.

"Na san ka rufa mani asiri, Lawali, kuma Allah ya sani. Na hwaɗa musu ba kai kat ture ni ba, sun ce kara nika yi maka. Amma ka ƙara haƙuri. Jiya Ɗan'ige ya biyo ta nan yac ce mani tsohon banza wanda bai iya zaɓen magaji ba. Ka san daɗin da nij ji? Har yanzu bai ce mani sannu ba. Kada ka raba ni da wannan. Ba ni daɗewa."

Ya daɗe. Shekara tara ya ƙara, ni kuwa na riƙe bakina shekara tara. Ba zan ce ban ji haushinsa ba. Akwai ranakun da nake ganin ya sayi mutuncinsa da nawa, akwai kuma ranakun da nake jin wani irin girma a raina, in ce ni kaɗai a garin nan na san gaskiya, kuma wata rana duk za su ji kunya. Da wannan tunanin na riƙa wucewa ta tasha ana kiran Hizgau ina yi kamar kurma. Na shirya maganar da zan faɗa a raina sau ba adadi, har na san inda zan tsaya in ja numfashi.

Ranar da ya rasu gari ya fito kamar ranar wasa. A zaman makoki, kwana na uku, bayan an yi addu'a mutane sun fara raguwa, na ga Ɗan'ige a ƙarshen tabarma shi kaɗai. Ya tsufa, hayaƙi ya cinye masa idanu. Na je na zauna kusa da shi, karo na farko cikin shekara tara. Na ce ina da magana, ya ce yana ji. Na ba shi labarin siton nan, da allurar famfo, da rantsuwa, da yadda na ga usur ɗin yana shirin faɗuwa. Na gama na jira in ga fuskarsa ta sauya. Ba ta sauya ba.

"Malam Lawali, kai kana zaton kai ɗai Allah ya ba ido? Tun shekara biyu kahin shi aje aiki munka gani. Mai shayi na tasha ya bar cika mai kohi, rabi shika zuba mai don kada shi zube. Liman ya bar miƙa mai hannu bayan salla, sai shi dahwa kahwaɗatai. Ni kuwa na ƙara zagi nai, don in na rage shina ganewa. Duk garin ga mun sani, kuma ba wanda yac ce mai sannu."

Na ce to in kun sani, ai kun san abin da ya sa na yi sauri.

"Shi ne abin da munka kasa yahewa. Da lahiyatai lau ta, da mun ce zumuɗi na, mu yi dariya mu manta. Amma ka san hannun ga bai da ƙarhi, kuma kaj ja abu daga cikinai gaban mutane. Mi anka ce ka yi? Ka sa hannu biyu ka ruhe nashi, ka maida mai ƙirji. Da ka yi haka, wa za ya ga rawa? Wa za ya ga usur ya hwaɗi? Hannun za ka riƙe, Malam, ba usur ba."

Ya tashi da ƙyar, ya nemi takalmansa, ya tafi. Ni kuwa na zauna a tabarmar nan har aka zo naɗe ta. Shekara tara ina ɗauke da sirrin da duk gari ya sani, na bar uwata ta mutu ba ta ji shi ba, kuma ko sau ɗaya a cikin shekarun nan abin da Ɗan'ige ya faɗa bai zo mini a rai ba, alhali al'adar ba baƙuwata ba ce. Na tabbata tausayi ne ya motsa ni a ranar, kuma a kan haka zan tsaya gaban Ubangijina. Amma abu biyu ne a gabana a tsakiyar filin nan, hannun mutumin da ya riƙe ni shekara goma sha ɗaya, da usur ɗin da na yi shekara goma sha ɗaya ina kallo a wuyansa. Ku 'ya'yana ne, ba zan ɓoye muku ba: usur ɗin na gani.